VCSEL, FP, DFB ko EML: wace leza ce ta dace da faibarka?

Za ka iya jera mojul huɗu a kan tebur, wato ƙananan na'urorin da ke tura bayanai da haske ta faiba (zaren gilashi), girmansu ɗaya, bakinsu ɗaya, duk suna shiga ramin SFP+ na suwici, na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna, duk an rubuta 10G a jikinsu, wato gudun gigabit 10 a sakan. Amma na farko iyakarsa mita 300, na biyu kilomita 10, na uku 40, na huɗu 80. Bambancin ba a ƙarfen waje yake ba. Yana cikin wata 'yar ƙwaya da ba ta kai milimita ɗaya ba, wato leza, wadda ita ke fitar da hasken da ke ɗauke da bayanan. Wanda ya san wace ƙwaya ce a ciki da abin da take iyawa, ba sai mai sayarwa ya zaɓa masa ba.

Duk waɗannan ƙwayoyi dayod ne, wato ɗan sashen lantarki da wuta ke bi ta cikinsa ta gefe ɗaya kawai. Idan aka tura musu wuta, ilektiron na faɗawa cikin guraben da ke jiran su a tsakiyar ƙwayar, kuma kowace faɗawa tana sakin ɗigon haske. Sinadarin da aka gina ƙwayar da shi ne ke yanke launin hasken, wanda ake aunawa da nanomita. Galiyam asenaid na ba da nanomita 850, dangin indiyam fosfaid kuma suna ba da 1310 da 1550. Idon mutum ba ya gani sosai bayan kusan 700, saboda haka duk wannan haske a ɓoye yake. Kada rashin ganinsa ya sa ka leƙa bakin faiba da ido don ka tabbatar ko tana aiki, akwai mitar haske don wannan.

Abin da ya raba leza da fitilar LED shi ne madubi. A LED hasken na fita ta ko'ina, launukansa a baje. A leza kuwa an tsare hasken tsakanin madubai biyu yana kai da komowa, duk wucewar da ya yi sai ya zaburar da wasu ilektiron su saki haske irin nasa sak. Da zarar wutar ta haura wani mataki, sai hasken ya fito da ƙarfi, a tsuke, a miƙe. Robert Hall na kamfanin General Electric ya nuna leza irin wannan a 1962, amma sai an daskarar da ita take aiki. Sai a 1970 ne ƙungiyar Zhores Alferov a Leningrad, da Izuo Hayashi da Morton Panish a Bell Labs ta Amurka, suka samu wadda ke ci ba yankewa a zafin ɗaki. A shekarar ne kuma kamfanin Corning ya fitar da zaren gilashin da asararsa ta sauka ƙasa da dB 20 a kilomita (dB shi ne ma'aunin raguwar haske). Ita LED ta yi zamaninta a 100BASE-FX, megabit 100 zuwa kilomita 2, amma ba ta da saurin gigabit. Idan ba tsohon layin masana'anta kake gyarawa ba, cire ta daga lissafi.

Kafin a kwatanta lezojin, sai an san abin da faiba ke yi wa haske, domin kowace leza amsa ce ga ɗaya daga cikin matsaloli biyu. Ta farko ita ce raunana. A nanomita 850 haske na asarar kusan dB 3 a kowace kilomita, wato rabinsa ya tafi ke nan. A 1310 asarar kusan 0.35 ce, a 1550 kuma kusan 0.2. Matsala ta biyu ita ce bazuwa: ɗigon hasken da ya tashi a dunƙule sai ya isa a shimfiɗe, har ya hau kan na bayansa, mai karɓa ya kasa raba sifili da ɗaya. Mutane sun fi lura da ta farko saboda mitar haske na nuna ta. Ta biyun ce ke sa layi ya riƙa zubar da bayanai alhali mita na cewa haske ya isa.

Faibar kanta iri biyu ce. Malti-mod tana da ɓargo mai faɗin maikromita 50, ko 62.5 a tsofaffi, kuma haske na bin hanyoyi da yawa a cikinta, wasu gajeru wasu dogaye, shi ya sa bazuwarta ke da yawa. Singil-mod ɓargonta kusan maikromita 9 ne, hanya ɗaya tak. A al'ada rigar singil-mod rawaya ce, a malti-mod kuma, wadda aka kasa aji-aji daga OM1 zuwa sama, ta OM3 da OM4 shuɗi mai haske, ta OM1 da OM2 ruwan lemo. Wannan rigar ita ce abu na farko da za ka duba, tun kafin ka buɗe kundin mojul.

VCSEL ita ce ta malti-mod. Kenichi Iga na Cibiyar Fasaha ta Tokyo ya kawo tunaninta a 1977: maimakon haske ya fita ta gefen ƙwaya, a sa madubai sama da ƙasa ya fito ta fuska. Madubin nan ba gilashi ba ne, shimfiɗu ne sirara guda gommai da aka jera, suna mayar da fiye da kashi 99 cikin 100 na hasken. Amfanin wannan tsari a masana'anta yake bayyana. Ana iya gwada dubban lezoji tun suna kan faifai ɗaya kafin a yayyanka, ba kamar masu fita ta gefe ba da sai an tsaga su tukuna a san mai kyau da marar kyau. Haskenta zagayayye ne, yana shiga ɓargo mai faɗi ba tare da dogon saiti ba, kuma 'yan miliamfiya kaɗan take ci. Irinta ce a cikin linzamin kwamfuta mai leza da na'urar gane fuska ta iPhone tun 2017. Duk wannan ya sa mojul ɗin SR, na gajeren zango mai VCSEL a ciki, ya zama mafi araha kuma mafi ƙarancin zafi.

Sai dai nisanta na raguwa duk lokacin da gudu ya ƙaru. A gigabit 1, SX, takwaran SR a wannan gudu, na kai mita 550 a faiba mai ɓargon 50. A gigabit 10, SR na kai mita 300 a OM3, 400 a OM4, amma a tsohuwar OM1 mita 33 kacal. A 100G SR4 an dawo mita 70 a OM3 da 100 a OM4, kuma ba zare biyu yake so ba, takwas ne ta bakin MPO mai ɗaukar zare da yawa. Ga inda mutane ke ƙonewa: ginin da aka shimfiɗa wa OM3 mai tsawon mita 250 yana lafiya lau a 10G, ranar da aka tashi hawa 25G ko 100G sai a tarar faibar ce ba za ta ɗauka ba, sai an sake jan sabuwa ta cikin bututu da rufi. Arahar mojul ɗin ba ta kai ko kusa da kuɗin wannan aiki ba.

FP, wato Fabry-Perot, ita ce mafi sauƙin masu fita ta gefe. Madubanta fuskokin ƙwayar ne da aka tsaga, shi ke nan. Tana aiki a 1310 a singil-mod, amma ba launi ɗaya take fitarwa ba, tsefe ne na launuka da yawa kusa da juna, faɗinsu na iya kai nanomita 3 ko 4. A gigabit 1 wannan ba ya damun kowa, shi ya sa mojul ɗin LX masu kilomita 10 galibi FP ce a cikinsu, kuma suna aikinsu shekara da shekaru. Daga wannan gudu zuwa sama, a layi mai nisa, ba ta da ta cewa.

Lissafi ɗaya zai nuna dalili. A faibar singil-mod da aka saba, mai lambar G.652, bazuwar launi kusan sifili ce a wajen 1310, amma a 1550 tana kai fikosakan 17 (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan) ga kowane nanomita a kowace kilomita. A gigabit 10 kowane bit fikosakan 100 ne kawai rabonsa. Idan ka tura haske mai faɗin nanomita 2 a 1550 zuwa kilomita 40, ninka 17 sau 40 sau 2, ka samu fikosakan 1360. Bit ɗaya ya shimfiɗu a kan gurbin guda goma sha uku. Idan faɗin hasken 0.1 ne, bazuwar 68 ce, ana iya rayuwa da ita. Wato inda asara ta fi ƙanƙanta, nan bazuwa ta fi yawa, kuma duk tsadar lezojin nesa daga wannan cikas ta samo asali.

DFB ta magance matsalar tsefen. Herwig Kogelnik da Charles Shank na Bell Labs suka shimfiɗa tushenta a farkon shekarun 1970. A cikin ƙwayar an sassaƙa wasu 'yan tudu da kwari a jere, tazararsu daidai da launi ɗaya, sai ya zama launin nan kaɗai ke samun ƙarfi. Ƙa'idar 10GBASE-LR ta ce dole babban launin ya fi na kusa da shi da dB 30, wato ninki dubu. Wannan ita ce lezar LR mai kilomita 10, ita ce a yawancin mojul ɗin CWDM masu raba zare ɗaya da launuka da yawa, ita ce kuma a mafi yawan akwatunan faiba na gidaje. A ganina ita ce jakin aiki a wannan fanni, kuma idan mutum bai san me zai saya ba ga layin singil-mod na ƙasa da kilomita 10, da wuya ya yi kuskure da ita.

Amma ita ma tana da aibi, kuma aibin daga yadda ake sa ta magana yake. A VCSEL da FP da DFB ta yau da kullum, wutar da ke shiga lezar ake ɗagawa a sauke don a rubuta ɗaya da sifili. Duk lokacin da wutar ta canza, yawan ilektiron a cikin ƙwayar na canzawa, wannan kuma na ɗan karkatar da launin hasken a farkon kowane bit da ƙarshensa. A 1310 inda bazuwa ba ta da ƙarfi, ba a ji. A 1550 karkatar nan kaɗai ta isa ta lalata 10G tun kafin a yi nisa.

EML ta kauce wa wannan da dabara mai sauƙin fahimta. Maimakon ka riƙa kunna tocila kana kashewa, sai ka bar ta a kunne, ka riƙa rufe bakinta da tafin hannu kana buɗewa. A kan ƙwaya ɗaya an haɗa DFB mai ci ba tsayawa da wani ɗan sashe a gabanta, wanda idan aka ba shi wuta sai ya shanye hasken, idan aka janye sai ya bar shi ya wuce. Lezar ba ta motsi, saboda haka launinta na nan daram, kuma ratar da ke tsakanin ɗaya da sifili ta fi fitowa fili. Da ita ake ER mai kilomita 40 da ZR mai 80. Shi ZR ɗin na 10G ba ya cikin ƙa'idar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara waɗannan ƙa'idoji, masana'antu ne suka saba da shi, don haka alƙaluman wani kamfani na iya ɗan bambanta da na wani, kuma ya kamata ka karanta takardar kowanne. Farashin wannan tsabta shi ne galibi EML na zaune a kan ɗan firjin lantarki, TEC, mai riƙe ta a zafi ɗaya. Firjin na cin wuta, yana ƙara wa mojul zafi da tsada. Suwicin da ya cika da ZR a duk ramukansa ba daidai yake da wanda ya cika da SR ba ta wajen iska da sanyaya, wasu suwicin ma suna iyakance ramukan da za su ɗauki irin waɗannan.

A nan ne zan tsaya a kan kuskuren da ya fi yawa, wato tunanin cewa mai dogon zango ya fi kyau ko da layin gajere ne, "don a samu rara". Dubi alƙaluman. Mojul ɗin LR na fitar da haske tsakanin -8.2 da +0.5 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), mai karɓarsa kuma na jure har +0.5, yana ji har ƙasa zuwa -14.4. Kana iya haɗa LR biyu da igiyar mita 2 ba abin da zai faru. ER kuwa na iya fitar da +4, alhali mai karɓarsa -1 ne iyakarsa. Idan layin bai ci dB 5 ba, ka cika masa ido da haske. ZR ya fi haɗari, domin mai karɓarsa APD ne, wanda ke ninka siginar a cikinsa don ya ji haske mai rauni ƙwarai, kuma haske mai ƙarfi na iya kashe shi gaba ɗaya. Abin da za ka gani a allon suwici shi ne layi ya hau, fitila kore, amma lissafin kurakuran CRC, wato bayanan da suka iso a lalace, na ta hawa, ƙarfin da ake karɓa kuma na nuna +1 ko +2. Mai gyara da bai duba wannan lamba ba sai ya yi ta canza igiya. Maganin ɗan abin rage haske ne na dB 5 ko 10 da ake ɗaurawa a bakin mai karɓa. Ka ga an sayi mai tsada, an kuma sayi abin da zai rage masa ƙarfi.

Hanyar da ta dace ita ce lissafin asara. Tsakanin -8.2 da -14.4 akwai dB 6.2, wannan ne jarin LR. Kilomita 10 a 1310 za ta ci 3.5 zuwa 4, kowane mahaɗi ka ware masa 0.3 zuwa 0.5, kowane ɗinki, wato inda aka narka zare biyu aka haɗe, kusan 0.1. Layin kilomita 8 mai mahaɗai shida ya fi na kilomita 11 mai mahaɗai biyu cin haske. Saboda haka lambar kilomita da ke jikin mojul kimantawa ce kawai, abin da mita ta auna a layinka shi ne gaskiya. Kuma kafin ka zargi leza, duba bakin igiyar da madubin dubawa. Ɓargon maikromita 9 ne, ƙwayar ƙura ɗaya ko maiƙon yatsa na iya zama a kansa daidai, ka ga wani baƙin tabo a tsakiyar da'irar, dB 2 ko 3 sun tafi.

Zafi ma na shiga zaɓi, musamman idan launuka da yawa za su bi zare ɗaya. Launin DFB na gusawa kusan nanomita 0.1 ga kowane digiri. A CWDM tazarar launuka nanomita 20 ce, guda 18 daga 1271 zuwa 1611, saboda haka ko zafi ya canza da digiri 70 gusawar 7 ce, tana nan cikin gidanta, ba a buƙatar firji. A DWDM, inda aka matse launukan kusa da juna, tazarar kusan 0.8 ce, digiri 8 kaɗai sun isa su kai ta gidan maƙwabciya, dole sai da TEC. Idan launuka takwas sun ishe ka kuma nisan bai wuce kima ba, CWDM ta fi sauƙin kuɗi da kulawa. Idan kana son launuka arba'in ko fiye, ko kana buƙatar na'urar ƙara ƙarfin haske ta EDFA a hanya, wadda a yankin 1550 take aiki, DWDM ce. Sannan mojul na yau da kullum daga digiri 0 zuwa 70 aka yi shi, na masana'anta kuma daga -40 zuwa 85. Akwatin da ke waje cikin rana ko a kan hasumiya na biyun yake so, domin leza na tsufa da wuri a cikin zafi.

Daga 100G zuwa sama lissafin ya ɗan juya. A sababbin mojul da yawa ba sifili da ɗaya kaɗai ake turawa ba, matakan haske huɗu ne, PAM4, kuma raba matakai huɗu na son sigina mai tsabta. Shi ya sa za ka tarar da EML a mojul ɗin 400G DR4 mai mita 500 kacal da FR4 mai kilomita 2. A nan ba nisa ya kawo ta ba, gudu ne. Abokiyar takararta ita ce fasahar haske a kan silikon. Silikon ba ya iya fitar da haske da kyau, amma yana iya sarrafa shi, sai a kawo DFB ta indiyam fosfaid mai ci ba tsayawa, a raba haskenta zuwa layuka da yawa, a rubuta bayanan a kan silikon ɗin. Intel ta fara sayar da irin wannan na 100G a 2016. Ga mai saye, in dai duka biyun sun cika ƙa'ida ɗaya, DR4 na EML zai yi magana da DR4 na silikon, don haka abin dubawa shi ne cin wuta da farashi da garanti, ba sunan fasahar ba. Can sama kuma akwai 400ZR, mai leza da ake juya launinta da umarni, yana kai kilomita 120 da taimakon na'urar ƙara ƙarfi, amma yana cin wat 15 zuwa 20, ba kowane rami ke ɗaukarsa ba.

To, me za a saya? A cikin rak ɗaya, wato kabad ɗin da ake jera na'urori, tsakanin sabar da suwicin da ke samanta, sau da yawa ba ka buƙatar leza sam, igiyar tagulla ta DAC ta isa zuwa mita 3 ko 5, ta fi araha kuma kusan ba ta cin wuta. A cikin ɗaki ɗaya, ƙasa da mita 70, inda ramuka ke da yawa, VCSEL da OM4 suna da ma'ana. Idan malti-mod na shimfiɗe tun da can kuma tsawonta na cikin iyaka, yi amfani da ita har ta gaza. Amma duk sabon jan da zai fita daga ɗaki, ya hau bene ko ya tsallaka zuwa wani gini, ni singil-mod zan ja, in sa LR, ko da mita 150 ce. Zaren da ya ɗauki 1G da FP shi ne zai ɗauki 10G da DFB, ya ɗauki 400G da EML, mojul kawai za a canza. Tsakanin kilomita 10 da 40 ER, bayan nan ZR, kuma bayan an auna layin, ba kafin ba.

Idan zare ɗaya ya rage maka a bututu, akwai BiDi, mai turawa da karɓa a zare guda da launuka biyu, a 10G galibi 1270 da 1330. Biyu-biyu ake sayensu kuma dole su saɓa: mai tura 1270 a wannan gefe, mai tura 1330 a wancan. Iri ɗaya a gefe biyu ba za su taɓa jin juna ba. Haka SR da LR ba sa haɗuwa, launinsu da faibarsu duk daban. LX na gigabit 1 dai na iya bin malti-mod zuwa mita 550, amma a tsohuwar faiba sai da igiya ta musamman mai karkatar da shigar hasken. Ka kuma tambaya ko suwicinka na karɓar mojul ɗin wani kamfani, domin wasu na karanta sunan da ke rubuce a ƙwaƙwalwar mojul su ƙi wanda ba nasu ba, alhali lezar ciki iri ɗaya ce.

Ko wanne ka ɗauka, ka tabbata yana da DDM, wato yana faɗin zafinsa da ƙarfin da yake fitarwa da wanda yake karɓa da wutar da lezar ke ci. Rubuta waɗannan lambobi ranar da ka ɗaura shi. A cikin mojul akwai da'irar da ke riƙe ƙarfin haske a mataki ɗaya, idan lezar ta fara gajiya sai ta ƙara mata wuta don ta cike giɓin. Saboda haka ƙarfin da ake fitarwa zai ci gaba da nuna lafiya har kusan ranar mutuwa, wutar da lezar ke ci ce ke hawa a hankali. DFB da ta fara da miliamfiya 30, bayan shekaru ka ga tana neman 50 alhali zafin ɗakin bai canza ba, ka nemo madadinta ka canza ta a lokacin da ka zaɓa da kanka.